Buzuna a Dajin Damisa

Shekara ashirin da biyu ke nan ina aikin fata a Challawa, kafin nan kuma a gindin marigayi babana na tashi, majemi ɗan majemi. Na faɗi wannan ne don a san ni ba mai saurin ƙyama ba ne. Hannun nan nawa ya shiga ruwan toka, ya shiga kashin tattabara, ya juya kirgin da ya kwana uku ba gishiri. Amma a wata biyun da na yi a Indiya na ga abin da ya tayar mini da zuciya, har yau kuma in na tuna sai na tofar da yawu.

Masana'antarmu ce ta sayi sabon inji na buga zane a kan fata mai gashi, aka tura mu mu biyu mu koyo yadda ake sarrafa shi. Ni, Lawan, mai tantance fata, sai Injiniya Kabiru, wanda na girma da shekara goma sha biyar, amma shi ne mai takarda, shi ne mai Turanci. Ni Turancina na bakin inji ne: kunna, kashe, kawo, ɗauke. Indiyancin da nake taƙama da shi kuwa na fim ne, wanda muka kwasa muna samari. Sai da na sauka na gane duk kalmomin soyayya ne, ba wadda za ta saya maka ko burodi.

Zango na farko wani birnin masu fata ne a bakin kogi. Aka ba mu ɗaki a saman sito, tagarsa tana kallon kwatar da ake zubar da ruwan rini. Wannan bai dame ni ba, mu ma muna da irinsa. Matattakalar ce ta dame ni. Suna da wani ganye da suke taunawa, su yi ta tsartar da jan yawu a bango, tun daga ƙasa har sama. Mu ma muna cin goro, ban ce ba ma ci ba, amma wallahi ko a tashar mota ban taɓa ganin bango ya yi haka ba. Kullum sai na tattare bakin wandona kafin in hau.

Abinci kuwa kada ma a tayar da maganar. Wani wake-wake ne tsululu, safe da rana da yamma, da yajin da ba ya da alƙibla. Na rame har agogona ya riƙa zamewa. In na kira Hajara, matata, sai in ce ta faɗa mini abin da ta dafa, ta ce tuwon dawa miyar kuka, in ce ta sake faɗa. Ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau, ke dai faɗa. Mutum ɗaya ne ya ji tausayina a garin, wani mai shayi a ƙofar masana'anta. Ya lura ba na son madararsu mai kauri, sai ya riƙa dafa mini baƙi da citta, ya kuma ture wani ya ba ni benci.

Koyarwar da aka kawo mu dominta kuwa, ashe yaudara ce. Mako shida cur muna ɗaukar jiƙaƙƙiyar fata daga ganga zuwa shanya. Ni da nake da mutum takwas a ƙarƙashina a Challawa! In mun yi magana, shugaban sashen ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a, ya ce gobe. Injiniya ya ce mu yi haƙuri kada a rubuta mana mugun rahoto. Na yi haƙurin, amma raina a ɓace yake.

A mako na bakwai aka ce to, yau za a bar ni in taɓa inji, amma sai dai in kawo fatar kaina, don tasu duk ta masu oda ce. Ina zan samo fata a garin da ban san kowa ba? Sai Injiniya ya ce, "Malam Lawan, ga buzunku nan."

Duk wanda ya yi aiki a Challawa ya san kowannenmu da buzunsa. Daɓen masana'anta kullum a jiƙe yake da ruwan magani, darduma ba ta sati take ruɓewa, saboda haka fata muke shimfiɗawa mu yi salla. Nawa na jar akuya ne, irin na wajen Sakkwato, ni na jeme shi da hannuna da bagaruwa, kuma duk inda na sa ƙafa yana hammatata. Na miƙa shi. Zanen da ke kan injin a ranar na damisar ƙasarsu ne, mai ratsi-ratsi, wadda suke ce wa taiga. Na daidaita, na koɗar da gefe ya yi fari-fari, na buga baƙin ratsi a kan jan gashin nan.

Taɓɗijam! Da ya fito, har ma'aikatansu sai da suka taru. Ni kaina na san na yi aiki. Na ce shi ke nan, ga abin da zan nuna wa manaja in mun koma. Da ya bushe na ci gaba da salla a kansa, tunda ba ni da wani.

Saura kwana uku mu taso, sai kamfanin ya ce zai kai mu yawon buɗe ido, wai don mu tafi da kyakkyawan zato. Dajin da ake killace damisa za a kai mu. Ni da an tambaye ni, da na ce a ba ni naman rago kawai. Muka yini a hanya, muka kwana a wani masauki, da safe aka zuba mu a mota marar rufi, mu da direba da ɗan jagora, wani siririn mutum mai tabarau da ba ya dariya.

A bakin ƙofa aka karanta mana dokoki. Ba sauka daga mota, ba ihu, ba jefa wa dabba abinci. Aka caje mu ana neman leda da ashana da taba. Buzuna yana naɗe, gashi a ciki, na ɗaure shi da igiya na tura ƙarƙashin kujera, ba wanda ya ko kalle shi.

Gaskiya dajin daji ne. Itatuwa dogaye har ba ka ganin rana sosai. Barewa masu ɗigo-ɗigo garke-garke, ba sa ko gudu. Ɗawisu yana yawo kamar kajin gidanmu. Mun ga aladen daji suna tonon taɓo, mun ga kada ya baje a bakin tafki baki buɗe. Sai birai masu baƙar fuska da doguwar jela, marasa kunya. Ɗaya ya diro kan motarmu, ya zauna daf da ni, ya sa hannu ya sosa inda ba a faɗa, sannan ya miƙa hannun nan cikin ƙunshin gyaɗata. Na bar masa duka. Injiniya yana ta ɗaukar hoto yana cewa, "Kai, abin sha'awa!"

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayar ɗan jagora ta yi ƙara. Direba ya fizgi mota har kaina ya bugi ƙarfe. Ashe an ga damisa. Kafin mu isa motoci sun fi goma sha biyar, sun yi cirko-cirko, wannan na gogar wannan, direbobi na zagin juna ƙasa-ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe. Wai wannan ne wurin da aka ce kada a yi hayaniya.

Wari ne ya fara iso mini. Na san shi, warin mushen da ya kwana uku ne. Can gindin wata itaciya ga ta kwance a kan wata ƙatuwar barewa da ta kumbura, ƙudaje sun yi baƙi, tsutsa na zuba daga cikin. Ta tura kai har kunne tana ja. Wata Baturiya a motar kusa da mu ta dafe ƙirji tana hawaye, wai daɗi ne ya kama ta. Na ce a raina, Allah mai iko, mutum ya ƙetaro teku don ya kalli kyanwa tana cin mushe.

Ba zan yi ƙarya ba, da ta ɗago kai ta dube mu, sai da na ja da baya na lafe a kujera. Kan nan ya kai kwando, idanun kuma ba ruwansu da kowa. Amma da ta miƙe ta juya, sai idon sana'a ya karɓe. Majemi ba ya ganin dabba, fata yake gani. Na taɓa Injiniya na ce, "Ka ga wannan? A tantancewa ba ta wuce lamba uku ba, ta baya-baya ke nan. Ga tabo a kafaɗa, ga cizon kaska a wuya. Amma a ba ni wuƙa mai kyau, kafin ka shanye shayi na feɗe ta, ba huda ko ɗaya."

Haka muke hira a Challawa. Ko ragon layya muka gani a titi sai mun yi masa lamba. Injiniya ya tuntsire da dariya, kuma don neman suna sai ya juya ya fassara wa ɗan jagora. Mutumin ya cire tabarau ya kalle ni, ya mayar.

Da rana ta take aka kai mu wani wuri da aka kewaye da waya, inda ake barin mutane su sauka su ci abinci. Na duba agogo na ga azahar ta yi. Na yi alwala da ruwan gora, na tambayi Injiniya alƙibla a wayarsa, na koma gefe na kwance igiya na shimfiɗa buzuna a kan ciyawa. Wallahi tallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Buzu ne, kullum a kansa nake salla.

Ina raka'a ta biyu na ji wata mace ta ƙwalla ƙara. Sai gudu-gudu, sai surutu ta ko'ina. Na ɗauka damisar ce ta tsallako waya, na ce to, in ma ita ce ta same ni a gaban Ubangijina. Na ƙarasa sallata. Da na yi sallama na ga mutane sun kewaye ni, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukata, ga ma'aikatan daji huɗu masu kaki, biyu da bindiga. Ban gama addu'a ba ɗaya ya ɗaga ni ta hammata, wani ya sa sanda ya janye buzun. Wani mutum mai tumbi ya matso ya tofa mini jan yawun nan a gaban riga.

Ofishinsu yana bakin ƙofar dajin. Aka karɓe fasfo ɗina, aka zaunar da ni a benci, aka shimfiɗa buzun a kan tebur. Babbansu wani mai gashin baki ne murɗaɗɗe. Ya yi magana mai tsawo, Injiniya yana fassarawa.

"Malam Lawan, ya ce fatar ɗan damisa ce. Ya ce laifin nan shekaru ake yi a kurkuku, kuma ba a cika ba da beli ba. Za a aika fatar wani birni a gwada ta, sakamakon yakan ɗauki watanni. Ya kira 'yan sanda, ƙarfe biyar motarsu za ta zo ta tafi da ku."

Na dubi agogon bango, biyu da rabi. Jirginmu jibi. Na ce, "Injiniya, gaya masa akuya ce. Akuya! Kai ma ai a gabanka na buga."

Ya faɗa. Mai gashin baki ya yi murmushi ya kira ɗan jagora. Mutumin nan ya tsaya ƙyam ya maimaita maganar fiɗar da na yi, har yana nuna yadda na yi da hannu. Aka rubuta. Sannan aka juya kan Injiniya aka yi masa tambaya, na ji ya yi ta zuba Turanci da sauri-sauri. Ban ji duka ba, amma na ji inda ya ce bai sani ba, har sau uku.

Na ce, "Me ka ce musu?"

Ya ƙi kallona. "Na ce aiki kawai ya haɗa mu. Ban san abin da ke cikin kayanku ba."

"Kai ka ce in kawo shi!"

"Malam Lawan, ku gane mana. In aka riƙe mu duka biyu, wa zai je ya kai labari gida? Ni fa ina da ƙananan yara."

Na ce, "Ni nawa yaran a kasuwa na sayo su?" Tir. Mutumin da muka yi wata biyu muna cin kwano ɗaya. Ban sake yi masa magana ba sai ta dole.

Aka buga wa masana'antar waya. Shugaban sashen nan mai kaɗa kai ya ce shi bai taɓa barin wani baƙo ya taɓa inji ba, don ashe ba da izinin na sama ya bar ni ba. Na ce to a kawo ruwa a goge, rini ne. Aka jiƙa tsumma aka ɗaura a bakin sanda aka dirza, ko gezau. Aka kawo kananzir, aka kawo fetur. Baƙin nan yana nan daram, sai ma ƙyalli da ya ƙara. Abin da na yi wata biyu ina roƙon Allah ya ba ni, rinin da ba ya zuba, ga shi na samu, zai kai ni kurkuku. Na nuna musu ƙanƙantarta, na nuna wuyan, na nuna inda ƙafafu suke. Mai gashin baki ya ce ai masu fasa-ƙwauri datse gefe suke yi.

Na ce a juya bayanta a duba, ko makaho ya shafa ya san jimar bagaruwa a fatar akuya. Sai na lura da wani abu. Tun da aka kama ni, ba wanda ya taɓa buzun da hannu. Da sanda suke juya shi, shi kuwa babban da bakin rula. Na tambayi direbanmu, wani baƙin mutum mai haƙuri da ya tsaya a bakin taga bai tafi ba. Ta bakin Injiniya ya ce su waɗannan ba sa taɓa fatar matacciyar dabba, ƙazanta ce a wurinsu, akwai mutanen da aka haifa don wannan aikin.

Na miƙe tsaye. Na ce, "To a kirawo ɗaya daga cikinsu mana! Ku da ba ku taɓa riƙe fata ba, ta yaya za ku yanke mini hukunci a kanta? A kirawo mai aikin!"

Direban ya ce akwai wani tsoho a ƙauyen da ke bayan ƙofa, shi ke kwashe shanun da suka mutu, yana kuma gyaran takalma. Mai gashin baki ya yatsina fuska kamar an ba shi maɗaci. Direban ya yi ta roƙonsa, hannu biyu a haɗe. Sai ƙarfe huɗu saura ya ɗaga rula ya ce a je. Ni dai ina zaune ina kallon agogo ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na tuna Hajara ta ce za ta yi mini dambun nama ranar da zan sauka, na rasa wanda zai iya gaya mata.

Huɗu da kwata suka dawo. Tsoho ne ƙanƙane, ƙafafu kamar sillen kara, da wata tsohuwar jaka a kafaɗa. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi. Ya zo bakin baranda ya tsaya, ba wanda ya ce ya shigo, shi ma bai nufi shigowa ba. Ya tsuguna a gefen matakala. Wani mai kaki ya ɗauko buzun a bakin sanda ya jefa masa, ya ja da baya.

Hannunsa na fara kalla. Farce ya yi kauri ya rine, tafin ya tsattsage, yatsu sun kantare wajen riƙon wuƙa. Hannun babana ne sak. Mu ma a gida an san mu da wari. In na taso aiki na shiga adaidaita, akwai mai toshe hanci, akwai mai matsawa. Amma ana gaisawa da ni, ana ci da ni, limamin unguwarmu surukina ne. Wannan kuwa ko inuwarsa ba sa so ta taɓa su.

Ya ɗauki buzun da hannu biyu. Ya juya bayan ya shinshina, ya naɗe gefe ya murza, ya bi gashin da yatsa ya dawo da shi baya. Sai ya ɗago ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ɗan gyaɗa kai. Sannan ya juya wajen masu kaki ya ce, "Meee."

Ƙananan suka fashe da dariya. Babban bai yi ba. Ya ce ba zai rubuta a takardar gwamnati cewa wani mai kwasar mushe ya yi kukan akuya ba. Maganar irin wannan mutum ba hujja ba ce. Ina jin haka, sai ga ƙarar mota a waje. 'Yan sanda sun ma riga lokaci, su uku, ɗaya yana kaɗa ankwa a yatsa.

Tsohon bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai ya yi magana a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Direba ya juya ta Turanci, Injiniya ya juyo mini.

"Ya ce ratsin damisa ba a gashi kaɗai yake ba, har cikin fata yake. Ko an aske ta tas, zanen yana nan. Ya ce a bar shi ya aske wuri kaɗan."

Na ga kunnen mai gashin baki ya yi ja. Ya san haka, an koya masa a makaranta, amma sai da mai gyaran takalmi ya tuna masa a gaban yaransa. Ya ɗaga rula ya ce a yi.

Nan fa na tuna wani abu. Injin nan danna rini yake yi. In ka ba shi nauyi da yawa, rinin yakan ratsa gashi ya kama fata. Ranar da na buga, sau ɗaya na taɓa injin a rayuwata. Na sassauta shi saboda gashin akuya gajere ne, ko ban sassauta ba? Na yi ta ƙoƙarin tunawa, kaina ya ƙi. In baƙin nan ya taɓa fata, da hannuna na rubuta wa kaina shekaru.

Tsohon ya zaro reza daga jakarsa, ya wasa ta a tafin hannu. Ya zaɓi inda ratsin ya fi kauri, a tsakiyar baya, daidai inda nake sa goshi. Ya shimfiɗa a gwiwarsa ya fara. Gashi ja da baƙi yana zuba a kan siminti. Kowa ya miƙo wuya, har ɗan sanda mai ankwa. Ni na kasa kallo, na kasa kau da kai. Ya aske wuri kamar faɗin tafin hannu, ya hure, ya goge da gefen rigarsa, ya ɗaga sama.

Fes. Launin bagaruwa tun daga wannan gefe har wancan, ko ɗigo babu.

Na ce, "Alhamdu lillahi," na zauna daɓas a ƙasa.

Daga nan sai kowa ya zama mutumin kirki. Mai gashin baki ya yi mini wa'azi a kan kada in sake yawo da irin wannan abu, ya sa na dangwala hannu a wata takarda, ya miƙo mini fasfo da hannu biyu. 'Yan sanda suka yi ta dariya suna dukan kafaɗata. Aka kawo shayi a kofunan tangaran, ni da Injiniya da su. Injiniya ya matso yana washe baki, ya ce, "Malam Lawan, ai na san Allah ba zai bari ba. Ni fa dabara nake yi tun ɗazu."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Injiniya. Matsa mini."

Na leƙa baranda ban ga tsohon ba. Abin da na gani, wani ma'aikaci ne da bokiti da tsintsiya, yana kwara ruwa a daidai inda ya tsuguna, yana dirzawa, har da matakalar da ya dafa. Bangon da ke bayansa ja wur da yawun ganye, wannan ba wanda ya wanke. Shayin nan ya taso mini har maƙogwaro. Na ajiye kofin a kan teburin babban, ban ƙara kurɓa ba, na ɗauki buzuna na fita.

Na same shi can bakin hanya yana sa takalmi. Ba wanda ya ba shi ko ruwa. Na miƙa masa hannu biyu. Ya ja da baya, ya waiga wajen ofis, ya ɓoye hannuwansa a baya. Na ce a'a, baba, yau kam sai mun gaisa. Na kamo hannun na riƙe, na ƙi saki. Duk Indiyancina na fim ban sami kalma ɗaya da ta dace ba, sai na yi masa da Hausa, na ce Allah ya jiƙan mahaifa, Allah ya sa ka gama lafiya.

Ba ni da abin da ya fi buzun nan daraja a wurina, kuma na ga yadda ya riƙe shi, na san ya san aiki. Na naɗe shi na miƙa masa. Ya shafa gashin sau ɗaya, a hankali, ya duba ratsin, ya ɗaga mini babban yatsa. Sannan ya tura mini abina a ƙirji, ya yi magana.

Direba da Injiniya sun biyo ni. Na ce, "Me ya ce?"

Direban ya faɗa wa Injiniya. Injiniya ya juyo mini.

"Ya ce aikin ya yi kyau, amma ku tafi da abinku. Ya ce ku baƙo ne, shi ya sa aka tsaya aka aske. Shi in aka gan shi da wannan a ɗakinsa, ba wanda zai tsaya neman reza."

Tsohon ya gyara jakarsa a kafaɗa, ya bi gefen hanya, can ƙasa inda ba zai gogi kowa ba, ya nufi ƙauyensu. Ko sunansa ban tambaya ba.